Kafin A Ce A Yi Mata Fomatin

A shagunan gyaran kwamfuta na Funtuwa, babu hukuncin da ake saurin yankewa irin wannan: "A yi mata fomatin." Kwamfuta ta ƙi tashi, ta tsaya cak a kan baƙin allo da ɗan rubutun da mai ita bai san kansa ba, sai a ce a share ta tas a zuba mata sabuwar manhaja. Aikin bai wuce awa ɗaya ko biyu ba, kuɗinsa sananne ne, kuma lallai za ta tashi. Sai dai abin da ke cikinta ya tafi ke nan: lissafin buhunan takin da dillali ya ba manoma bashi kafin damina, sunaye da lambobin 'yan ƙungiyar noman auduga, aikin ɗalibi na zango guda. Amma akwai waɗansu masu gyara, ba su da yawa, waɗanda ba sa kawo maganar sharewa sai sun shiga sun ga abin da ya faru. Su nake girmamawa, kuma inda gwanintarsu ta fi fitowa fili shi ne a kan kwamfutar da ke zaune a cikin wata kwamfutar.

Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamaki. Ana sa wata manhaja a laftof, irin su VirtualBox ko VMware, sai ta ɗebi wani kaso na ƙarfin na'urar, da na ƙwaƙwalwarta, da na ma'ajiyarta, ta haɗa wata kwamfutar sukutum wadda ba ta da jiki. Tana da faifan ajiyarta, da katin sadarwarta, da maɓallin kunna ta, amma dukansu a cikin taga ɗaya suke a fuskar laftof ɗin. Ta zahirin ita ce mai masauki, ta cikin tagar kuma baƙuwa. Mai masauki na iya zama Windows baƙuwa ta zama Ubuntu, ko kuma akasin haka. Dabarar ta tsufa: kamfanin IBM ya fara ta a manyan na'urorinsa tun shekarun 1960, ya fitar da VM/370 a 1972. VMware, wanda aka kafa a Amurka a 1998, shi ya sauko da ita kan kwamfutar tebur a 1999. VirtualBox kuwa wani kamfanin Jamus mai suna Innotek ne ya sake ta ga jama'a a 2007, kamfanin Sun ya saye shi a 2008, kamfanin Oracle ya saye Sun a 2010. Kyauta ake sauke ta, shi ya sa ita ce ta fi yawo a filashin yaranmu.

Me ɗan Maska, nan yankin Funtuwa, zai yi da wannan? Ka ɗauki yaron da ke karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, ko wanda ya samu shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don koyar da matasa fasahar zamani. Malaminsa ya ce sai ya iya Linux, irin su Ubuntu. Laftof ɗinsa ɗaya ce tak, ta hannu, wadda mai yiwuwa sai da aka kai buhunan masara kasuwar Ɗandume kafin aka saya masa. Ba zai iya sayen ta biyu ba, kuma ba zai share Windows ɗin da 'yan gidansu ke cike fom da ita ba. Sai ya sauke baƙuwa. Ka kuma ɗauki ɗan kasuwar da ya shekara goma yana lissafi da wata tsohuwar manhaja wadda ba ta aiki sai a Windows 7, alhali Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. Mai gyara ya ɗauke masa tsohuwar kwamfutar ɗungurungum ya zaunar da ita a cikin sabuwa. Dukiyar mutum ke nan a cikin taga.

Abin da ya fi kayar da baƙuwa a wannan yanki shi ne wuta. Yawancin laftof ɗin hannu batirinsu ya riga ya mutu, da an ɗauke wuta ko mai ya ƙare a janareto sai su mutu nan take. Duk kwamfuta tana shan wahalar haka, amma ta baƙuwa ta fi tsanani, domin abin da take rubutawa ta hannu biyu yake bi: ita ta miƙa wa mai masauki, mai masauki ya kai shi faifai. Idan wuta ta yanke yana tsakanin hannuwan biyu, baƙuwa ta ɗauka ta ajiye, alhali bai isa ba. Gobe a kunna ta, ta duba rajistar fayilolinta ta ga ba ta daidaita ba, sai ta ƙi gaba. Bayan wuta sai cikar faifai, sai sabunta manhaja da data ta ƙare masa a tsakiya, sai kuma hannun mai ita: ya taɓa wani fayil da bai kamata ba, ko ya manta kalmar sirrinsa.

Kowace babbar manhaja an bar mata wata ƙofa domin irin wannan rana. Masu gyara suna ce mata rikobari, ni zan kira ta ƙofar gyara. Idan aka bi ta nan, manhajar ba ta tashi da dukan kayanta. Sau da yawa ba hoto, ba linzami, ba intanet, sai ɗan abin da zai ba mai gyara damar tsayawa ya duba. Shigar ce ke da wuya, kuma a nan ake gane wanda ya iya.

Gwani ba da madannai yake farawa ba, da tambaya yake farawa.

"Alhaji, yaushe rabon da ta tashi lafiya?"

"Shekaranjiya da dare, Malam. Ina cikin shigar da lissafi aka ɗauke wuta."

"To kun sake kunna ta bayan nan? Wani ya taɓa ta?"

"Yaron shago ya kunna ya kashe, bai fi haka ba."

Daga wannan amsar ya riga ya san inda zai nufa. Amma kafin ya kunna komai, sai ya yi abin da na fi yaba masa da shi a duk aikin. Faifan ajiyar baƙuwa ba ƙarfe ba ne, fayil ne guda ɗaya a cikin mai masauki, sunansa yana ƙarewa da vdi a VirtualBox, ko vmdk a VMware, ko vhdx a Hyper-V na Microsoft. Sai ya kwafe shi ya ajiye a wani faifan. Yana iya cin rabin awa ko fiye, mai kaya yana tsaye yana duba agogo, amma gwani ba ya tsallake wannan. Mai gyaran kwamfutar zahiri ba shi da wannan gata cikin sauƙi haka. Shi kuwa wannan, duk ɓarnar da hannunsa zai yi nan gaba, yana da wurin komawa. Idan babu sararin kwafi, sai ya sa manhajar ta ɗauki hoton halin da baƙuwar ke ciki, wanda za a iya mayar da ita kansa da dannawa ɗaya.

Akwai wani tarko da ke cinye wa sababbin shiga wuni guda. Mutane da yawa ba sa kashe baƙuwa, rufe tagar suke yi, ita kuma VirtualBox ta daskarar da ita a yadda take. In aka kunna, ba tashi take yi daga farko ba, ci gaba take yi daga inda ta tsaya, da matsalarta da komai. Wanda bai san haka ba zai yi ta danna madannai yana jiran ƙofar da ba za ta taɓa bayyana ba. Dole a watsar da wancan daskararren hali tukuna, kuma mai gaskiya yakan gaya wa mai kaya cewa abin da ke buɗe ba a adana ba zai tafi.

Sai maganar madannai. Allon madannai ɗaya ne, kwamfutoci biyu. Duk abin da ka danna, wa ya ji? Idan ba ka taɓa cikin tagar da linzami ba, mai masauki ne ke saurare, baƙuwa ba ta san kana yi ba. A VirtualBox, maɓallin Ctrl na dama shi ke karɓe madannai daga baƙuwa ya mayar wa mai masauki, a VMware kuwa Ctrl da Alt tare. Idan kana so ka aika wa baƙuwa Ctrl da Alt da Del ka danna su kai tsaye, Windows ɗin mai masauki ne zai cafke. Ga kuma laftof ɗin da sai ka haɗa da Fn kafin F8 ko F12 su yi aikinsu, in ba haka ba ƙara ko haske kawai za ka rage. Ga na hannun da suka fito daga Faransa ko Jamus, waɗanda haruffansu ba a jere suke yadda manhajar ke zato a wannan mataki ba, a na Faransa ka danna A ta rubuta Q. Gwani ya san duk wannan a yatsunsa. Idan madannan suka gagara, sai ya buɗe allon madannai na cikin fuska da VirtualBox ta zo da shi tun fitowar 6.1 a ƙarshen 2019, ya danna da linzami.

Yanzu an zo wurin da ake auna hannu. Ubuntu, wadda kamfanin Canonical na Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a Oktoban 2004, tana da wata 'yar manhaja mai suna GRUB da ke tashi kafin ita. A hannun GRUB jerin zaɓin yake, har da ƙofar gyara, amma idan Ubuntu ce kaɗai a faifan, ɓoye jerin take yi. Sai ka kira shi. Idan baƙuwar tana kan tsohon tsarin BIOS, riƙe Shift ake yi. Idan tana kan sabon tsarin UEFI, Esc ake taɓawa. Lokacin kuwa ƙiftawar ido ne, tsakanin ɓacewar tambarin VirtualBox da bayyanar na Ubuntu, kuma a cikin wannan ɗan tsakanin ne za ka kunna, ka taɓa cikin taga, ka kai yatsa kan maɓalli. Ka yi wuri, ba a ji ba. Ka makara, ta wuce. Ka yi ta dukan Shift sau biyar a jere, Windows ɗin mai masauki ya fito da tambayarsa ta maƙale madannai ya ƙwace maka fage. Ka zarce da Esc, ka wuce jerin ka faɗa wani baƙin allo mai jiran umarni, inda mai tsoro yake cewa shi ke nan ta lalace. Gwani kuwa sai ya rubuta normal, ya danna Enter, ya taɓa Esc sau ɗaya, jerin ya fito.

Wanda ya fi shi gwaninta ma ba ya tsere da lokacin, tsawaita shi yake yi. Tunda baƙuwa ba ta da jiki, saurin tashinta ma rubutu ne a fayil. A VMware akwai fayil mai ƙarewa da vmx, ana ƙara masa layi ɗaya, bios.bootDelay, a ba shi 5000, sai ta tsaya daƙiƙa biyar cur tana jira. A VirtualBox ana yin makamancin haka da umarnin VBoxManage, a ce tambarin farko ya daɗe a fuska. Wannan dabara tana burge ni ƙwarai, domin tana nuna mutumin ya fahimci abin da ke gabansa, ba haddar maɓallai kawai ya yi ba.

Da jerin ya fito, sai a zaɓi layi na biyu, na ƙarin zaɓuɓɓuka, daga nan a ɗauki wanda aka yi wa alamar rikobari. Wani ɗan allo zai bayyana da aikace-aikace kaɗan. Akwai clean mai share tarkace idan faifai ya cika, akwai dpkg mai ƙarasa sabuntawar da ta tsaya a hanya, akwai fsck mai duba lafiyar faifai, akwai network mai kunna sadarwa, akwai root mai ba ka cikakken iko. A matsalar Alhaji, fsck ne magani. Wani lokaci ma baƙuwar ba ta kai wannan allo, takan tsaya a wani wuri da aka rubuta initramfs, ta faɗi sunan ɓangaren faifan da ya samu rauni, misali /dev/sda2, ta ce a duba shi da hannu. Rubutun nan da ya tsorata mai kaya, shi ne ainihin bayanin ciwon. Gwani yakan karanta shi a tsanake, layi bayan layi, sannan ya rubuta fsck da sunan ɓangaren. Manhajar ta bi rajista tana tambaya ko a gyara, yana amsawa. Guntayen fayilolin da ta tsinta ba su da gida, ta tara su a wata folda mai suna lost+found, kuma mai haƙuri yakan leƙa can ma kafin ya ce an gama.

Maska tsohon gari ne da aka sani da saƙa da rini tun kafin jirgin ƙasa ya iso Funtuwa, tun kafin a kafa masaƙar Funtuwa a ƙarshen shekarun 1970. Masaƙi idan zare ɗaya ya tsinke ba ya warware zanen, tsayawa yake yi ya nemo bakin zaren biyu ya ƙulla, ya ci gaba. Aikin mai gyaran nan ke nan. Cikin dubban fayiloli, sau da yawa ɗaya ne ya tsinke.

Idan gwani ya zaɓi root, akwai ladabin shiga. Manhajar takan buɗe faifan a kulle, ana karantawa ba a rubutawa, domin kada a ƙara masa rauni. Gwani ba ya gaggawar buɗe shi. Yakan fara da df ya ga ko cika ce, ya karanta rajistar abin da ya faru a tashin ƙarshe, ya leƙa /etc/fstab ko an yi kuskuren harafi a jerin faifan da ake ɗaurawa. Sai ya tabbatar da abin da zai taɓa, sannan ya rubuta mount -o remount,rw / ya ba kansa izinin rubutu. Ya gyara abu ɗaya, ya gwada. Ba ya gyara abu uku a lokaci guda, domin in ta tashi ba zai san wanne ne ya yi magani ba, in ta ƙi ba zai san wanne ne ya ƙara ɓata ta ba.

A nan ne kuma maganar amana take shigowa, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Daga wannan baƙin allo, umarnin passwd yana sauya kalmar sirrin kowa ba tare da an tambayi tsohuwar ba. Wanda ya manta tasa, rahama ce a gare shi. Amma ma'anarsa ita ce duk wanda ka miƙa wa laftof ɗinka, ka miƙa masa hotunan iyalinka da lissafin bashinka, sai fa in an rufe faifan da makullin ɓoye bayanai. Masu gyaran kirki sukan tabbatar mai ita ne ya kawo ta, su juya masa allon ya rubuta sabuwar kalmar da hannunsa, su kau da kai. Ba wata manhaja da ke tilasta musu haka, tarbiyya ce.

Idan baƙuwar Windows ce, hanyar daban take. A Windows 7 da na gabaninta F8 ake dannawa tun da fari. Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, tashin ya yi saurin da F8 ba ya samun shiga. Idan tana kaiwa allon shiga, sai a riƙe Shift a danna sake kunnawa. Idan ba ta kaiwa, sai a katse mata tashin sau biyu a jere, a na uku ita da kanta za ta buɗe ƙofar gyara. A kwamfutar zahiri wannan yana nufin danne maɓallin wuta, a baƙuwar VirtualBox kuwa Ctrl na dama da R sun isa.

Duniya ta ga darajar wannan sana'a ranar 19 ga Yuli 2024. Kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya aika da wani sabuntawa mai kuskure, kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, a ƙiyasin Microsoft, suka faɗi a kan shuɗin allo. Jiragen sama suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Maganin kuwa shi ne a shiga ta ƙofar gyara, a nemo fayil ɗaya da sunansa ya fara da C-00000291, a goge. Waɗanda faifansu ke kulle da BitLocker sai da suka nemo makulli mai lamba 48. Baƙin kwamfutocin da ke zaune a manyan cibiyoyin ajiyar bayanai, waɗanda babu mai iya kai yatsa kansu, sai aka riƙa cire faifansu ana ɗaura shi a jikin wata baƙuwar mai lafiya, a goge fayil ɗin daga can, a mayar. Wannan ita ce dabarar ƙarshe ta mai gyaran Funtuwa ma idan GRUB kanta ta lalace: ko ya ɗaura faifan a wata baƙuwar, ko ya sa mata fayil ɗin Ubuntu a mazaunin faifan CD, ya danna F12 a VirtualBox, ya tashe ta daga can ya shiga ya yi gyara. Aiki iri ɗaya ne, wurin zama ne ya bambanta.

Akwai dalilin da ya sa nake ganin ya kamata wannan ilimi ya zauna a ka, ba a waya ba. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori, ba a buɗe ba sai Disamba. A watannin nan babu mai cewa bari in duba intanet in ga yadda ake yi. Wanda ya san hanya ya yi aiki, wanda ya dogara da bidiyo ya zauna. Ko yau ma, a ƙauyukan da ke kewaye da Maska ba ko'ina sabis ke da ƙarfin ɗaukar bidiyo ba. Don haka ɗalibin da ke da baƙuwa a laftof ɗinsa ya kamata ya ɗauki hotonta tana lafiya, ya lalata ta da gangan, ya shiga ya gyara, ya mayar, ya sake. Babu wani wurin koyo mai arahar wannan, domin ba abin da zai ƙone.

Idan gyara ya kammala, gwani ba ya zaɓen resume mai ci gaba da tashi ya tsaya nan, domin tashin da ya biyo ta ƙofar gyara yakan zo da fuska marar kyau, mai kaya ya ɗauka wata cutar ce sabuwa. Sake kunna ta yake yi gaba ɗaya, ya sa Alhaji ya buɗe lissafinsa ya duba shigarwar ƙarshe da idonsa. Daga nan ya buɗe /etc/default/grub, ya mayar da jerin zaɓin nan bayyananne, ya ba shi daƙiƙa biyar, ya rubuta update-grub, domin duk wanda zai zo bayansa ya samu ƙofar ba tare da tsere ba. Ya nuna wa yaron shago yadda ake kashe baƙuwa daga cikinta kafin a rufe mai masauki, ya ce a riƙa kwafe fayil ɗin faifan a wani wuri duk Juma'a, ya kuma faɗa wa Alhaji kuɗin sabon batir.